Fostin biyu sun raba mini hankali: in zama likitar tiyata ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun likita a nan Legas. A Agege aka haife ni, mahaifina yana harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Da na shiga makaranta ban taɓa kawo tiyata a raina ba, jini ma tsoronsa nake ji. A aji huɗu aka kai mu fostin ɗin tiyata na farko, wato makonnin da ake tura ɗalibai wani sashen asibiti su koyi aiki, na faɗa hannun wata likita mai neman ƙwarewa, Bayarabiya, mai kirki sosai. Ita ta koya mini wanke hannu irin na ɗakin tiyata, tana tsayar da ni kusa da ita, har wata rana ta miƙo mini allura na ɗinke fata a aikin kaba. Ba wanda ya aike ni, na riƙa komawa duba mutumin har na ga ya taka da ƙafarsa ya tafi gida. Daga nan na ce na samu abin yi.

Bana aka sake mayar da mu, sai na faɗa sashen wani babban likita mai faɗa. In ya yi tambaya ka kasa, a gaban mara lafiya zai wanke ka tas. Wata rana jiri ya ɗebe ni a tsakiyar wani dogon aiki, ya ce a gaban kowa mata irina asibitin yara ya dace da su, in je in yi aure. Wata nas ma ta tare ni a ƙofa saboda hijabina. Har aka gama fostin ɗin ko almakashi ban riƙe ba. Yanzu ko warin ɗakin na ji sai gabana ya faɗi.

A gida Umma ta ce wannan aiki zai cinye mini ƙuruciya. Baba ya ce in zaɓi abin da nake so, amma na san yana jiran in fara tallafa masa, ina da ƙanne da yawa. Wanda zan aura ya ce ba zai hana ni aiki ba, sai dai ba ya son matar da za a riƙa kira ƙarfe biyun dare. Anti, wane fostin ne ya faɗa mini gaskiya? Ko son da na yi wa tiyata ruɗi ne?

Ƙanwarki daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawar da ke gabanki.

Dukansu biyun gaskiya suka faɗa miki, sai dai rabinta a kan tiyata ce, rabinta a kan mutanen da kika tarar. Na farko ya nuna miki aikin a hannun mai son koyarwa. Na biyu ya nuna miki shi a hannun wanda bai iya zama da na ƙasa da shi ba. Makonni kaɗan kika yi a kowanne, a sashe ɗaya cikin sassa da yawa, kuma ba ke kika zaɓi wanda za a haɗa ku ba, jerin sunaye ne ya jefa ki. Da an juya, kin fara da mai faɗan nan tun aji huɗu, da wataƙila har yau ba ki san hannunki ya iya ɗinki ba.

Masu nazarin yadda ake horar da likitoci sun sha tambayar ɗalibai kafin fostin ɗin tiyata da bayansa, a ƙasashe daban-daban, kuma amsar kusan iri ɗaya take fitowa. Ɗalibin da aka bari ya sa hannu, aka san sunansa, ya samu na gaba da shi mai jansa a jiki, shi ne ke fitowa yana cewa zai zama likitan fiɗa. Wanda aka ajiye a bayan ɗaki yana leƙe ta kan kafaɗun mutane, ko aka kunyata shi, ko ya ga manyansa kullum a gajiye ba su da lokacin iyali, sai ya juya baya, ko da da sha'awa ya shigo. Mata kuma sun fi jin irin kalmar da aka jefa miki. To kin ga, abin da ya same ki sananne ne, ba alamar raunin zuciya ba ce.

Tambayi Baba yadda ake sayen kwandon tumatir. Ba wanda ke biyan kuɗi don na saman ya yi ja, ba kuma wanda ke watsar da kwando don ya ci karo da ruɓaɓɓe ɗaya. Hannu ake zurawa har ƙasa. Ke kin ga na saman, kin ga ruɓaɓɓen, tsakiyar ce ba ki taɓa ba tukuna. Tsakiyar tiyata kuwa ba ranar da aka miƙo miki allura ba ce. Zagayen duba marasa lafiya ne da sassafe, da kilinik mai layi har baranda, da wanke ciwon da ya ƙi warkewa. Yaro ne da taifot ya huda wa hanji aka kawo shi cikin dare, ɗan acaɓa ne da mota ta buge, aiki ne da aka shirya aka ɗaga saboda ba jini ko dangi ba su haɗa kuɗin kayan aiki ba. Tsayuwa ce ta awanni kina riƙe da ƙarfen buɗe ciki don wani ya gani ya yi aiki. Wani lokaci kuma fitowa ce ki tarar da dangi a bakin ƙofa, ki faɗa musu an yi iya ƙoƙari, Allah ya karɓi abinsa. Wanda ya ga duk wannan kuma bai daina ɗokin shiga ɗakin ba, shi ne nasu.

Ni dai a wasiƙarki na ga abin da ya sa ban yarda ruɗi ba ne. Kin ce ba wanda ya aike ki, kika riƙa komawa duba mutumin har ya tafi gida. Ɗalibin da walƙiyar ɗakin tiyata kawai ta ɗauke wa ido ba ya yin haka, da an cire safar hannu ya gama. Sannan ki lura da abin da ke faɗar miki da gaba yanzu. Ba ki ce jini ba, ba ki ce wuƙa ba. Tsoron jinin da kika shigo da shi ya tafi tun aji huɗu. Abin da jikinki ya haɗa da warin ɗakin nan shi ne wulaƙanci. Irin wannan tsoro, in aka bar shi, kafuwa yake yi, don haka ina so ki sake shiga ɗakin tun kafin ki bar makaranta, amma tare da wanda kika amince da shi. Nemi likitar nan ta fostin ɗin farko. Ko ta canza asibiti, lambarta ba za ta gagara ba a wurin 'yan ajinku. Ki gaya mata abin da ya faru ba tare da ƙari ba, ki roƙe ta ta nemo miki izinin tsayawa a aikinta a ranar da ba ki da darasi. Ki kuma tambaye ta abin da ɗalibai ba sa tambaya: sau nawa take kwana a asibiti a wata, wa ke riƙe mata yara in tana da su, me ya taɓa sa ta yi tunanin bari.

Zancen jiri kuwa, cire shi daga lissafi. Tsayuwa wuri ɗaya na tsawon lokaci tana tara jini a ƙafafu, ga zafin fitila, ga riga a kan riga, ga takunkumi, ga ciki ba komai don an fito tun asuba a tsere wa cunkoso. Maza ma suna faɗuwa, har da waɗanda suka zama ƙwararru daga baya. Ki karya kumallo, ki sha ruwa, ki riƙa motsa 'yan yatsun ƙafa da tsokar ƙwauri kina tsaye. Da kin ji gumi mai sanyi ko ganinki ya fara dushewa, ki faɗa a fili, ki ja da baya ki zauna. Abin da ba a yafewa shi ne faɗawa kan mara lafiya, ba neman kujera ba.

Shi babban likitan, zan yi masa adalci gwargwado. Akwai tsananin da aikin ke buƙata. In ɗalibi ya taɓa abin da aka tsarkake da hannun da bai wanke ba, ko ya zo zagaye bai san mara lafiyarsa ba, tsawa ta halatta, domin ran mutum ne a kan gado. Kuma likitocin da suka rage a asibitocinmu suna ɗauke da kayan waɗanda suka tafi ƙasashen waje, gajiya tana sa baki ya yi kaifi. Amma cewa ki je ki yi aure ba koyarwa ba ce, ba ta kare ran kowa ba, cin fuska ne kawai. Ba gaskiya ba ce kuma. Dakta Salamat Ahuoiza Aliu, mace ta farko da aka horar a Afirka ta Yamma ta zama likitar tiyatar ƙwaƙwalwa, a Sakkwato ta samu horonta, ƙarƙashin Farfesa B. B. Shehu. Farfesa Hadiza Galadanci a Kano, fannin mata da haihuwa ta riƙe, fannin da ba ya rabuwa da ɗakin tiyata, har sunanta ya kai duniya. Ba na ba ki shawarar ki tunkare shi yanzu, kina dab da jarrabawar ƙarshe, mai yiwuwa ma yana cikin masu yi muku ita. Ki tabbata an sa miki hannu a littafin fostin, ki rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗa ki ajiye. In ya maimaita, ko ya taɓa addininki, ko kika ga alamar zai shafi makinki, ki tafi wurin malamin da ke kula da ajinku tare da wakilin aji. In kuwa wani ya wuce magana ya kai ga neman ki ko taɓa ki, wannan ba a jira a kansa ko kwana ɗaya.

Nas ɗin da ta tare ki wataƙila ba ta iya magana ba, amma dokar da take karewa ta ƙwayoyin cuta ce: tufafin da aka shigo da su daga titi, aka shiga motar haya ta danfo da su, ba sa ƙetare layin ɗakin tiyata. Ki tanadi ƙananan hijabai na wannan aiki kaɗai, wankakku, a leda mai tsabta, waɗanda za ki cusa cikin wuyan riga, ko ki nemi hular tiyata mai rufe kai da wuya. Ki je wurin metiron mai kula da ɗakin tun kafin ranar aiki, ki gaishe ta da ladabi, ki nuna mata, ki tambaye ta wanne ta yarda da shi. Yawancinsu in aka fara da girmamawa suna sauka. Wanke hannu har gwiwar hannu ba makawa, daga nan rigar tiyata ta rufe komai. Batun sallar da aiki ya ci lokacinta, ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa, ki kuma nemi 'yan ƙungiyar likitoci Musulmi ta IMAN da ta mata likitoci ta MWAN, domin akwai waɗanda suka riga ki warware wannan a aikace.

Ga abin da nake so ya sauke miki nauyi: ba wanda ke jiran amsarki bana. Bayan kin gama akwai haus-job, wato aikin horo na shekara ɗaya da sabon likita ke yi a asibiti, wata uku-uku a tiyata, da cututtukan manya, da yara, da mata da haihuwa. Wata ukun nan na tiyata sun fi fostin ɗinki biyu a haɗe, domin a lokacin ke ce za a tasa cikin dare, ke ce za ki nemo jini, ke ce za ki shirya mara lafiya. In kina da zaɓi, ki duba asibitin da likitoci masu neman ƙwarewa ba su yi cunkoso ba, a nan ƙaramin likita ya fi samun sa hannu. Sai bautar ƙasa, wata shekarar. Sai jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, kuma duka hedikwatarsu tana nan garinku: kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin, wadda aka kafa a 1979, da kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma da ke Yaba. Bayan nan ne ake neman gurbin horo, a yi matakin ƙasa a ci jarrabawar kashi na ɗaya, a yi na sama a ci kashi na biyu. In komai ya tafi daidai, shekara biyar zuwa shida ne, fannin ƙwaƙwalwa ya fi haka, yajin aiki da jiran gurbi kuma sukan ƙara. Ba zan rage miki tsawonsa ba. Amma ƙofar shiga tana gabanki da aƙalla shekara biyu.

Baba shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Iyaye da yawa in suka ji "neman ƙwarewa" sai su ɗauka wata makarantar ce da za a sake biya. Ki zaunar da shi ki bayyana masa cewa daga haus-job za ki fara karɓar albashi, kuma mai neman ƙwarewa ma'aikaci ne, ana biyansa yana koyo. Ki faɗa masa ɗaya ɓangaren ma: albashin yakan makara, jarrabawa da kwasa-kwasai suna cin kuɗi, ba za ki yi arziki da wuri ba. Ku yanke abin da za ki iya ɗauka, ko kuɗin makarantar ƙani ɗaya ne, ki riƙe shi da gaske.

Tsoron Umma ba na banza ba ne. Shekarun farko na horo su ne mafi nauyi, kuma su ne shekarun goyo. Mata suna haɗa su, amma ba da ƙarfin hali kaɗai ba. Sai da mai taimako a gida, sai da miji mai fahimta, sai kuma da muhalli kusa da asibiti, wanda a Legas ba ƙaramin zance ba ne. Mai zaune a Agege da ke aiki a Ikeja daban take da wadda za ta ratsa Oshodi zuwa Idi-Araba, balle mai ƙetare gada zuwa tsibiri kowace safiya. Gwamnatin jihar Legas tun 2014 take ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida a haihuwa biyu na farko, sai dai duk hutun da aka ɗauka yana tura ranar gama horo gaba. Kada ki yi gardama da Umma. Ki ce mata kin ji, ki tambaye ta ko za ta tsaya miki in lokacin ya zo. Sau da yawa uwa in ta ga an sa ta cikin shiri, adawarta takan koma addu'a.

Wanda za ki aura ne nake so ki fi ba lokaci. Na yaba masa da ya faɗi abin da ke ransa tun yanzu, ya fi wanda zai ce "ba komai" sai an ɗaura ya canza fuska. Amma akwai abin da ina jin bai sani ba. Kiran dare ba na tiyata kaɗai ba ne. Shekarar haus-job gaba ɗayanta kwana ce a asibiti, ko me za ki zama daga baya. Asibitin yaran da ake tura ki ma, jariri ba ya duba agogo kafin numfashinsa ya sarƙe, haka mai naƙuda. Ke nan sharaɗinsa, in aka ɗauke shi yadda ya faɗa, ba tiyata kaɗai ya rufe ba, ya rufe rabin aikin likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin a sa rana, ki zayyana masa yadda shekarun nan za su kasance, ba ragi ba ƙari. Ki tambaye shi mene ne ainihin damuwarsa: tsaron hanya da dare ne, ko maganar mutane, ko kaɗaici, ko yara? Kowanne da maganinsa daban. Mai kwanan aiki a asibiti yake kwana, ba a titi ba, kuma da girma ya zo kiran yana raguwa, ko da yake ba ya ƙarewa. In da hali, ku ziyarci gidan wata likita mai aure tare da wani babba daga danginki, ya ji daga bakin mijinta. Abin da kuka amince a kai, waliyyanku su sani. Kada ki yi masa alkawarin barin tiyata don a zauna lafiya alhali zuciyarki ba ta bari ba, kada kuma ki ɓoye niyyarki da tunanin za ki shawo kansa bayan biki. Duka biyun rigimar gobe ce.

In kuka yi wannan zama ya ce sam, ba zan ce ki rabu da shi ba, ba kuma zan ce ki binne burinki ba. Ke kika san nauyinsa a ranki. Zan dai tuna miki cewa tiyata ba ƙofa ɗaya ba ce. Likitan ido fiɗa yake yi, mai kyau ma, kuma wanda aka cire wa yanar ido ya sake ganin jikokinsa ba ya manta hannun da ya yi masa, ga kiran dare kaɗan. Akwai kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai gyaran fata da ƙuna, da mafitsara, da tiyatar yara, da ƙashi, wanda asibitin Igbobi a nan da na Dala a Kano suka shahara a kansa. Akwai kuma fannin sa mara lafiya barci kafin a yi masa aiki, inda kullum kina ɗakin tiyata amma aikinki ya fi bin awanni. Kowanne da irin rayuwarsa, kuma fostin ɗin ɗalibi bai isa ya nuna miki su duka ba.

Buƙata kam akwai ta. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya, ya kuma sa burin a samu ƙwararru 20 na tiyata, sa barci da haihuwa ga kowane mutum 100,000. Najeriya tana nesa ƙwarai da wannan adadi. A cikin al'ummarmu ta Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, akwai matar da za ta ji ƙullutu a nono ta yi shiru wata da watanni, don kunyar buɗe jiki ga namiji, don kuma ba ta jin Turanci ko Yarabancin da za a yi mata bayani da shi. Likitar tiyata mace mai jin Hausa za ta rage irin wannan jinkiri. Na faɗi wannan ne don ki san darajar abin da kike tunani, ba don in ɗora miki bashi ba. Wanda ya shiga tiyata don kunyar jama'a, ko don ya nuna wa wani mai faɗa cewa ya iya, ba ya daɗewa yana jin daɗinta.

Yanzu jarrabawar ƙarshe ce a gabanki, kuma tiyata tana cikinta, kada haushin mutum ɗaya ya sa ki yi wa darasin riƙon sakainar kashi. Maganar wanda za ki aura ce kaɗai ba ta jira, a yi ta kafin manya su zauna. Sauran ki bar su sai kin yi wata ukunki na haus-job, ki yi istihara, sannan ki sake rubuto mini in ji inda aka kwana. Ki gaida Umma da Baba.